Sunayen da Na'ura Ta Tsallake

Litinin, 11 ga Afrilu 1983, bayan la'asar

Yau na koma ofis bayan kwana ashirin. Wannan littafin na Surajo ne, wanda yake rubuta bayanan na'ura a ciki. Na juya shi ta baya na fara nawa. Surajo mijina ne. Shekara biyar da aurenmu ban taɓa furta sunan da bakina ba, Malam nake cewa, amma ga shi alƙalami ya rubuta.

Ranar Juma'a aka sallame shi daga asibiti a Sakkwato. Inna, mahaifiyarsa, ta ce Lambara za a kai shi ya yi jinya a gabanta, ban yi musu ba. Na bar mata 'yarmu Safiyya ita ma, don ba ni da mai riƙe mini yarinya 'yar shekara uku a nan Bodinga.

Ofishinmu na aikin gona ne, ɗaki huɗu a bakin titi. Ni ce mai buga tafireta. Shi ne mai kula da kwamfutar da wani Bature ya kawo shekara biyu da suka wuce, ya koya masa, kafin a ce gwamnati ta tsuke bakin aljihu, Baturen ya koma ƙasarsu.

Alhaji Malami, shugaban ofis, ya kira ni da hantsi. Ya ce an sayo irin gero mai saurin nuna, saboda daminar bara ta yanke da wuri, gidaje da yawa sun cinye irinsu. Hedikwata tana son jerin gidajen da za a ba, ƙauye ƙauye, da mudun kowane gida, kafin tara ga Mayu. Malaman gona sun cike fam sama da dubu uku, Malam kuma ya riga ya shigar da su cikin na'ura kafin ya kwanta. Saura a sa ta fitar.

"Ke kaɗai kis san inda shika taɓawa, Rahamatu," in ji shi. "In ba mu kai ba, motocin iri wani wuri za su tahi."

Na ce zan gwada. Sai da na kai ƙofa ya tambayi jikin Malam. Na ce da sauƙi. Haka nake ce wa kowa.

Talata, 12 ga Afrilu, azahar

Na yaye zanen da aka rufe na'urar da shi. Kofinsa na shayi yana nan gefe, ganyen ya bushe a ƙasa. Ban taɓa kofin ba.

Ummaru direba, wanda shi ne kuma mai tada injin wuta, ya ce gas ɗin da ya rage awa biyu kawai zai iya ba ni a rana, shi ma ba kullum ba. Don haka na zauna na karanta gaban littafin nan kafin a tada. Rubutun Malam ƙanana ne, da koren alƙalami. Ga abin da na gane.

Na'urar tana da ƙofa biyu da ake zura faifai. A ƙofa ta farko ake sa babban faifai. Shi babban faifan yana ɗauke da jerin umarni, yana kiran ayyuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya gama ya koma, a kira na gaba. Malam ya sa musu sunayen Hausa don kada ya rikice: TARA mai haɗa fam ɗin kowane ƙauye, TACE mai cire sunan da aka rubuta sau biyu, RABA mai yanka wa kowane gida mudunsa, BUGA mai fitarwa a takarda. Wasu ayyukan a cikin babban faifan suke zaune, wasu kuma a faifai dabam, sai an sa shi a ƙofa ta biyu a kira shi daga can.

Na sha ganinsa yana yi ina buga wasiƙu a teburina. Ashe kallo dabam, yi dabam.

Laraba, 13 ga Afrilu, hantsi

Babu gas. Na share teburinsa, na wanke kofin.

Asabar, 16 ga Afrilu, Lambara, bayan magariba

Wuyan Malam ya saki, yana juyawa yanzu. Ya sha koko rabin kwano, Inna ta ce jiya ko cokali uku bai kai ba. Alhamdu lillahi.

Yana kwance a tabarma yana fuskantar bango lokacin da na shiga. Na yi sallama. Na sake yi. Sai da inuwata ta faɗa kan bangon ya juyo. Ya dube ni ya ce, "Kin zo," da ƙarfin da kajin tsakar gida suka watse. Ya ga fuskata, sai ya kau da kai.

Na rubuta masa a bayan wata tsohuwar ambulan: Sannu, Malam. Yaya jiki? Ya karanta, ya ninke huɗu, ya tura ƙarƙashin matashi.

Da la'asar Safiyya ta tsaya a bayansa da 'yar tsanarta ta kara tana kiran Baba. Sau uku na ƙirga. Na ɗauke ta na fita da ita wajen rijiya, na ce mu je mu ga awaki. Inna ta biyo mu ta ce wa yarinyar barci shika yi. Idonsa biyu, ni na gani.

Talata, 19 ga Afrilu, la'asar

Ta fitar. Na sa babban faifai, na bi abin da ke rubuce, na danna. TARA ya wuce, TACE ya wuce, RABA ya wuce, sai injin bugawa ya kama ƙara, takarda tana zubowa har ƙasa. Sifawa, Lambara, Mandera, duk ga su. Ummaru ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce ashe gidan Malam Surajo malamai biyu ne.

Alhaji ya ji daɗi. Ya ce a ba malaman gona su manna a ƙofar kowane mai gari, mutane su ji sunayensu kafin a aika.

Na so a ce akwai wanda zan ba labari yau. Na dafa taliya, na ci a tsaye.

Alhamis, 21 ga Afrilu, safe

Awa uku a layin sabulu, na samo sanda biyu. Ɗaya ta Lambara.

Litinin, 25 ga Afrilu, bayan azahar

Wata dattijuwa ta zo daga Mandera, sunanta Kaltume. Tun asuba ta fito, rabin hanya a ƙasa, rabi a bayan motar albasa. Ta zauna gindin darbejiyar ofis ta ce ba ta tashi sai ta ga malamin nan dogo mai tabarau. Aka turo ta wurina.

Mijinta ya rasu shekara huɗu. Ita ke noma gonarsa da 'ya'yanta mata biyu. Ta ce an karanta jeri a ƙofar mai gari har sau biyu, babu ita, babu wasu mata goma sha ɗaya irinta.

"Shi da kainai ya taho Mandera da sanyi, ɗiyata," ta ce mini. "Ya rubuta ni da hannunai. Yac ce bana ba a mance mu. Ina shike?"

Na ce ba shi da lafiya. Ta tambayi mece ce ni a wurinsa, na sunkuyar da kai, ta gane. Ta daɗe tana yi masa addu'a, sannan ta koma kan maganarta, don ba ta zo gaisuwa ba. Ko mudu ɗaya na iri ba ta da shi a rumbu.

Bayan ta tafi na buɗe jerin Lambara. Na bi da yatsa har ƙasa, na sake bi. Babu sunan Inna.

Na ƙirga fam da hannu har aka tashi. Dubu uku da ɗari biyu da goma sha huɗu. A takardar da na'ura ta fitar, dubu biyu da ɗari tara da uku. Gida ɗari uku da goma sha ɗaya sun faɗi a hanya, kuma duk fam ɗin da na zaro na gani, sunan mace ne a kai.

Ni da nake ta murna ranar Talata.

Talata, 26 ga Afrilu, hantsi

Na kai wa Alhaji. Ya cire hula ya ajiye a tebur, ya daɗe yana murza goshi. Ya ce ba za a iya ƙara su da hannu ba, don irin ƙayyadadde ne, in aka ƙara gida ɗaya mudun kowa sai ya canza, kuma hedikwata abin da na'ura ta buga kawai take karɓa. Ya ce in ba a samu gyara ba kafin tara ga wata, haka zai aika. Gara dubu biyu da ɗari tara su samu da kowa ya rasa.

Ba mugun mutum ba ne. Na ga wasiƙar da ke ƙarƙashin hannunsa, ni na saba buga irinta, na san kanta daga nesa. Ta rage ma'aikata ce.

Laraba, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Na tuna wani abu. Makonni kafin ya kwanta, Malam ya sha yin ƙorafi a gida wai RABA na Bature gidan da ke da sunan namiji a gurbin mai gida kawai yake gani. Ya ce zai rubuta nasa. Ina jin sa a lokacin da rabin kunne, ina tuƙa tuwo.

Na zazzage durowarsa. Can ƙarƙashin takardu na sami faifai a cikin ambulan, an rubuta da koren alƙalami: RABA sabo, har da mata masu gona. Na riƙe shi a ƙirji kamar wata shashasha.

Na sa shi a ƙofa ta biyu, na sake tada aikin daga farko. Na jira awa ɗaya da rabi. Dubu biyu da ɗari tara da uku. Fitilar ƙofa ta biyu ko ƙyaftawa ba ta yi ba, ina kallonta.

Na ƙone gas ɗin yini guda a banza.

Alhamis, 28 ga Afrilu, azahar

Na sa ta buga mini jerin umarnin babban faifai. Shafi ɗaya ne. Ga layin nan mai kiran RABA, na gan shi. Ban san abin da ke damunsa ba, kuma ina tsoron in taɓa in ɓata na hannu.

Mutum ɗaya ne ya sani.

Asabar, 30 ga Afrilu, Lambara, la'asar

Ya fara fitowa tsakar gida, yana dafa bango. Inna ta ce jiri ke ɗibarsa in ya juya da sauri. Safiyya ta daina kira daga baya. Zagayowa take yi ta gabansa ta dafa gwiwarsa, sannan ta miƙa masa abin da ta kawo. Ba wanda ya koya mata.

Na jira ya gama cin abinci, na durƙusa na ajiye shafin a gabansa, da takardar da na rubuta tun a mota: Na sa sabon faifai a ƙofa ta biyu, amma tsohon RABA take kira. Gida 311 sun faɗi. Me zan yi?

Ya kalli shafin kamar ya ga wani da ya sani a wurin da bai so a gan shi ba. Ya ture da bayan hannu. Ya ce, wannan karon a hankali har da ƙyar na ji, in kai wa mai lafiya. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ban yi kuka a gabansa ba. Na danne takardun da butarsa na fito.

Muna ɓarar gyaɗa da Inna a inuwar rumbu, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Likita mi yac ce miki, ranar da anka sallame shi?"

Na ce ya ce a yi haƙuri, a ga abin da Allah zai yi.

"Ba shi kaɗai yac ce ba," in ji ta. "Bari, ba sai kin hwaɗi ba. Ni na haihe shi."

Ta zuba mini gyaɗar da ta ɓare a cikin tawa ƙwaryar, kamar ni na yi aikin. Daga nan na ba ta labarin jerin, na ce har sunanta babu. Sai ta yi dariya, ta ce wato ɗan da ta haifa ya zauna gaban injin Turawa shekara biyu, injin bai san da ita ba.

Lahadi, 1 ga Mayu, safe

Zan kama mota. Takardun suna nan ƙarƙashin buta yadda na bar su. Na gyara masa matashi. Ya kama bakin mayafina kaɗan, ya saki.

Litinin, 2 ga Mayu, azahar

Saura kwana bakwai. Hadari ya taso ta gabas ya watse.

Talata, 3 ga Mayu, bayan la'asar

Ummaru ya kai malamin gona garin Shagari, a dawowa ya biya Lambara gaisuwa. Ya shigo ya ajiye mini shafin a kan tafireta, an ninke shi huɗu.

Ya ce Inna ce ta ba shi labarin yadda aka yi. Bayan na tafi ta ɗauko tukunyar da take ajiye iri, ta shiga ɗakin ta kife ta a gabansa, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Ta nuna tukunyar, ta nuna takardar, ta nuna kanta, ta fita ta bar shi. Da azahar ya leƙo yana neman fensir.

Ya zagaye layin. A gaban sunan RABA ya ƙara harafin da ke nufin ƙofa ta biyu da ɗigo biyu. Shi ke nan. A ƙasa ya rubuta:

Aiki biyu ne masu suna ɗaya. In ba ki faɗa mata ƙofar da za ta nema ba, wanda ke kusa da ita a babban faifai za ta kira. Laifina ne, na rubuta sabon ban gyara layin ba. Ki yi kwafin babban faifai kafin ki taɓa komai.

Can gefe kuma, da ƙananan haruffa: Kin rame. Ki riƙa cin abinci a zaune.

Ban san yadda aka yi ya sani ba. Na karanta ya fi sau goma.

Laraba, 4 ga Mayu, la'asar

Na yi kwafi. Na gyara layin. TARA, TACE, sai fitilar ƙofa ta biyu ta kama, ja, faifan ya fara gurnani. Na ce Alhamdu lillahi a fili.

Ya yi aikinsa ya gama. Sai shiru. Injin bugawa bai motsa ba. Ɗan ɗigon haske yana ta ƙyaftawa a allo, ba gaba ba baya. Na jira. Na jira har injin wuta ya yi tari ya mutu.

Ummaru ya buga durom ya ji ƙararsa. Babu ko na fitila.

Alhamis, 5 ga Mayu, hantsi

Babu gas a Bodinga. Babu a Sifawa. An ce a Sakkwato motoci kwana biyu suke a layi.

Alhamis, bayan azahar

Kaltume ta dawo jin labari. Na faɗa mata gaskiya duka, har da cewa ko an sami gas ban san abin da ya tsayar da na'urar ba. Ta tambayi gas nawa ake so. Na ce ko galan ɗaya. Ta ɗaura mayafi ta tafi ba sallama.

Na zauna da littafin nan da takardun ayyukan da Malam ya taɓa bugawa ya ajiye a fayil. Ba na jin rabin abin da ke ciki. Amma aikina ke nan shekara shida, duba takarda biyu in ga inda suka saɓa. Na jera TARA da TACE da tsohon RABA, na ajiye sabon a gefe. Guda ukun nan kowanne da kalma ɗaya yake ƙarewa, ita kaɗai a layinta. A gaban littafin ya fassara ta: koma wurin wanda ya kira ka. Sabon RABA ba shi da ita. A tsakiyar shafi ya tsaya.

Na tuna ranar. Laraba ce ya dawo gida da ciwon kai, ya ce saura layi ɗaya ya gama, gobe zai ƙarasa.

Juma'a, 6 ga Mayu, hantsi

Tana gindin darbejiya kafin in iso, da galan a gabanta. Surukinta yana da injin niƙa a Shagari. Ta ce ta zauna masa a ƙofa har ya ga gara ya ba ta ya huta. Ban tambayi yadda ta iso da shi ba, na ga ƙafafunta.

Babu lokacin aikawa Lambara a tambaya. In na yi kuskure, babu wani galan.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Dubu uku da ɗari biyu da goma sha huɗu.

Na ƙara kalmar da hannuna a ƙarshen aikinsa. Fitilar ƙofa ta biyu ta kama, ta mutu, ta ƙofar farko ta karɓa, BUGA ya tashi. Na yage shafin Mandera tun da ɗuminsa na fita da shi. Kaltume ba ta karatun boko, amma ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsanta a kai. Mudu shida. Ta ce in karanta mata sauran sha ɗayan, na karanta, tana amsa kowanne da to.

Inna tana shafi na huɗu a jerin Lambara.

Na ci shinkafa a zaune.

Litinin, 9 ga Mayu, la'asar

Ummaru ya kai jerin, an karɓa, an buga hatimi.

Alhaji ya kira ni ya rufe ƙofa. Kujera ɗaya aka bar wa ɗakinmu, ta na'ura. Ta tafireta an soke. Ya ce ni ya ga ya dace ya rubuta, tunda ga abin da na yi, kuma tunda, sai ya tsaya bai ƙarasa ba. Na ce, ranka shi daɗe, kalma ɗaya na ƙara, shi ya rubuta shafi tara. Aikin na'ura da ido ake yi da yatsa. Abin da duk ake son faɗa masa a rubuta masa. Na roƙe shi ya bar sunan da ke kan kujerar.

Ya ce in je in yi shawara. Na ce na yi.

Asabar, 14 ga Mayu, Lambara, bayan la'asar

Mun yi faɗa. Na farko tun da ya kwanta.

Na nuna masa sabon jerin, da inda na ƙara kalmar. Ya daɗe yana kallon wurin, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambayi wa ya nuna mini. Na rubuta: Babu. Ya ce in rantse, na harare shi, ya yi murmushi.

Da na rubuta masa maganar kujera sai ya murtuke. Ya ce ba zai karɓi abin tausayi ba, ni ce na cancanta. Na rubuta cewa ban san komai ba bayan shafi ɗaya, in ta lalace gobe wa zai gyara. Ya ce zai koya mini. Na rubuta: To a ina za ka koya mini, a kan tabarmar Inna? Shi yana faɗa da baki, ni ina mayarwa da fensir, har bakin fensir ya karye, ya karɓa ya fiƙe mini da reza ya miƙo don in ci gaba da yi masa rashin kunya. Inna tana ƙofar ɗaki tana tankaɗe, ta ce yau gidanta ya dawo gida.

Bai ce ya yarda ba. Amma ya tambayi ranar da za a raba irin Mandera.

Talata, 17 ga Mayu, hantsi

Na buga wasiƙar sallamata da kaina, babu kuskure ko ɗaya. Ƙarshen wata zan miƙa mabuɗi. Ban ji abin da na zaci zan ji ba.

Asabar, 21 ga Mayu, bayan magariba

Mun dawo daga Mandera.

Ummaru ya biya Lambara ya ɗauke shi. Ya sa farar rigarsa, ta yi masa yawa. An jibge buhuna a ƙofar mai gari, maza a gefe, mata a gefe. Ɗan aiken mai gari yana kiran suna, malamin gona yana awo. Ni ina wajen mata da kwafi ɗaya, shi yana kan benci da ɗaya. Duk sunan da aka kira sai in ɗaga kai in gyaɗa masa, ya sa alama. Haka muka yi har sama da gida ɗari, bai ɓata ko ɗaya ba.

Da Kaltume ta karɓi nata ta ɗaure a buhu, ba ta koma wajen mata ba. Ta je gaban bencin ta durƙusa ta kama godiya. Ta yi wa iyayensa addu'a, ta yi wa zuriyarsa, ta ba shi labarin galan. Yana kallon bakinta. Na ga yana neman inda zai sa amin, yana sawa a inda ba nan ba. Mutane suka fara kallon juna. Na yunƙura zan taso.

Sai ya ɗaga hannu. Ya yi magana da muryar nan tasa da ba ya iya aunawa, duk filin ya ji.

"Goggo, ki yi haƙuri. Ba ni jin abin da kika cewa. Ciwon da niy yi ya tahi da kunnuwana. Amma na ga buhunki."

Mai awo ya tsaya da mudu a hannu.

Kaltume ta dube shi. Ta kwance bakin buhun da ta gama ɗaurewa, ta cika tafinta da gero, ta miƙe ta zuba masa a aljihun gaban riga, ta daddanna bakin aljihun da yatsa kada ya zube. Sannan ta ɗauki kayanta a ka ta tafi. Ɗan aike ya kira suna na gaba, na gyaɗa kai, ya sa alama.

Tunda shi ya fara faɗa, zan iya rubutawa. Malam ba ya ji. Sanƙarau ne. Likita ya ce ba zai dawo ba, na sani tun ranar takwas ga Afrilu.

Ranar Litinin zai koma ofis. Yau a gida Bodinga zai kwana, ga shi can yana alwala, Safiyya tana riƙe masa tabarau. Na ce ya tuɓe rigar in jiƙa, ta yi datti. Na rubuta masa, na nuna masa rigar, na nuna bokiti. Ya karanta sarai. Ya dafe aljihun da hannu ya ce a bar ta tukuna.